Yadda Ake Karanta Tarihin Tsohon Ɗakin Sujada na Ƙauye a Ingila

Ƙauyukan Ingila cike suke da ƙananan ɗakunan sujada na dutse da aka gina tun kafin shekarar 1500. Yawancinsu babu takardar da ta faɗi ranar da aka sa harsashinsu, don haka mai son sanin tarihinsu bango zai fara tambaya, daga baya ya je ga takardu. Za mu bi aikin daki-daki, muna riƙe da ɗakin sujadar Odda da ke ƙauyen Deerhurst, a gundumar Gloucestershire kusa da kogin Severn, domin shi yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka san ranar keɓe su, wato ranar da bishop ya tsarkake ginin don sujada, 12 ga Afrilun 1056. Tun da an san shekararsa, da shi ake auna sauran.

Abu na farko shi ne sanin matsayin ginin. A wancan zamani kowace gunduma ta coci tana da babban coci guda, wanda shi ke da haƙƙin yi wa jarirai baftisma, da binne matattu, da karɓar ushiri. Ɗakin sujada ƙarƙashinsa yake. Wani an gina shi ne don mutanen ƙauyen da ke nesa da babban cocin, kamar na Heath a Shropshire, ginin tsakiyar ƙarni na 12 wanda ke ƙarƙashin cocin Stoke St Milborough. Wani na gidan mai gari ne da iyalinsa. Wani kuma an gina shi musamman domin a riƙa yi wa wani mamaci addu'a. Na Deerhurst irin wannan ne: Odda, ɗaya daga cikin manyan hakiman Sarki Edward, ya gina shi saboda ɗan'uwansa Aelfric da ya rasu a garin a 1053, alhali ga babban cocin St Mary can bai fi taku ɗari biyu zuwa uku ba. Hanya mafi sauri ta rarrabewa ita ce a duba ko akwai kaburbura a kewaye da kwamin baftisma a ciki. Idan babu ko ɗaya, ginin bai samu cikakken haƙƙi ba, kuma sunayen mutanen ƙauyen a littattafan uwar cocin za a neme su. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta laluben rajistar da ba a taɓa rubutawa ba.

Kayan aiki ba su da yawa: tef na mita 30 da ƙarami na mita 5, takarda mai gidan dara, fensir, tocila mai ƙarfi, kamfas, sanda mai tsawon mita ɗaya da aka yi wa fenti ja da fari don sawa cikin hoto, da tabarau mai kawo nesa kusa don duba saman bango. Mutum biyu ake bukata, ɗaya ya riƙe bakin tef. Ba a zuwa da guduma, ko alli, ko burushin waya.

Zagayen waje

A zagaya ginin sau biyu kafin a shiga. Zagayen farko na fasali ne. Kusan dukkan waɗannan gine-gine ɗaki biyu ne a jere: zauren jama'a a yamma, ƙaramin ɗakin bagadi a gabas, da baka a tsakaninsu. A ɗora kamfas a tabbatar. Idan ya ɗan karkace daga gabas ba wani abu ba ne, kusan duk haka suke. A lura da tsayi idan aka gwada da faɗi. Maginan zamanin Sakson, wato kafin Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, suna son gini siriri mai tsayi. Zauren Odda tsawonsa bai kai mita takwas ba, faɗinsa kusan mita biyar, amma bangonsa ya ɗara mita biyar a tsaye, tsayinsa ya fi faɗinsa ke nan.

Zagaye na biyu na kusurwoyi ne da mahaɗar bango, kuma a nan ya kamata a daɗe. Kusurwa ita ce wurin da masu gyara ba su cika taɓawa ba, saboda wanda ya cire ta ya rushe ginin. A Deerhurst za a ga dogon dutse a tsaye, sannan wani faffaɗa a kwance ya shige cikin bango, sannan wani a tsaye, haka har sama. Wannan ɗaurin dogo da gajere alama ce mai ƙarfi ta ƙarshen zamanin Sakson. Normawa kuwa duwatsu madaidaita masu kusan girma ɗaya suke jerawa, sukan kuma manna wa bango siraran ginshiƙai marasa kauri, kamar yadda ake gani a Heath.

Daga nan sai a nemi layin da ya miƙe sambal daga ƙasa zuwa sama a tsakiyar bango, inda duwatsun hagu ba su shiga cikin na dama ba. Bango biyu ne na lokaci daban suka haɗu a nan. Don a san wanda ya riga, a duba ɓangaren da ke da duwatsun kusurwa a bakin layin: shi ne tsohon ƙarshen gini, ɗayan jingina shi aka yi daga baya. Haka ma ƙofar da aka toshe, da tabon tsohon rufi a jikin bangon gabas, da wurin da launin dutse ya canja a mita ɗaya na sama, wanda ke nuna an ƙara wa bango tsayi. Ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da suka jeru a layi ba tagogi ba ne, gurbin itacen dakalin magina ne.

Tagogi da ƙofofi

Nan ne sabon shiga ke yawan faɗawa rami. Siffar taga tana faɗin shekarun tagar ne kawai, ba na bangon ba. Mutane sun yi ta fasa tsofaffin bangaye suna sa manyan tagogi don samun haske, har ginin ƙarni na 11 ya wayi gari da tagar ƙarni na 15. Ƙa'idar ita ce bango ba zai gaza tagar da ta fi tsufa a jikinsa shekaru ba, muddin a mazauninta na asali take. Ana gane wadda aka sa daga baya ta wurin duwatsun gefenta: layukan bango ba sa haɗuwa da nata, kuma akwai ƙananan duwatsun cike gurbi kewaye da ita.

Ga jerin siffofin a taƙaice. Ƙaramar taga mai zagayayyen kai, wadda bakinta ya buɗe ciki ya kuma buɗe waje, mafi ƙuncinta yana tsakiyar kaurin bango, ta ƙarshen zamanin Sakson ce. Irinta ce a zauren Odda. Idan ƙuncin yana dab da fuskar waje, faɗin duk yana ciki, ta fi kama da ta Norman, daga 1066 zuwa wajen 1190, kuma ƙofar wannan zamani takan zo da ado mai zigzag a bakanta. Doguwar siririyar taga mai tsinin kai ta wajen 1190 zuwa 1270 ce. Wadda aka raba da sandunan dutse, samanta ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganye, ta wajen 1270 zuwa 1350 ce. Wadda sandunanta suka miƙe tsaye har ƙoli, daga wajen 1350 zuwa 1530. Waɗannan shekaru ba yankan wuƙa ba ne. Maginin ƙauye yakan ci gaba da salon da ya koya wurin maigidansa shekara talatin bayan birni ya daina, shi ya sa ginin 1090 zai iya fitowa da kamannin Sakson tsaf. Jeren duwatsu a karkace, layi ɗaya ya kwanta dama na bisansa ya kwanta hagu, an daɗe ana ɗaukarsa shaidar Sakson, amma Normawan farko ma sun yi shi sosai, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

Tarko na biyu shi ne dutsen aro. A cocin Escomb da ke gundumar Durham, ginin ƙarshen ƙarni na 7, akwai dutse a bangon arewa mai rubutun LEG VI, alamar runduna ta shida ta sojan Rum, an sa shi kai a ƙasa. Daga rusasshen sansanin Rumawa na Binchester aka kwaso shi. Dutsen ya girmi cocin da ɗaruruwan shekaru. Duk dutsen da adonsa ya yanke a tsakiya, ko rubutunsa ya juye, ko yake da ramin da ba ya aikin komai a inda yake, na aro ne.

Tarko na uku gyaran zamanin Sarauniya Victoria ne. Daga wajen 1840 an sake fasalin dubban coci-coci, ana sassaƙa sabbin tagogi a tsohon salo. Sabuwar sassaƙa bakinta kaifi ne, duwatsunta girma ɗaya, fuskarsu sumul saboda zarto aka sa. Tsohuwa tana da sawun gatari ko kurfi a karkace, kuma ruwan sama ya cinye gefenta. Ɓarnar wannan gyara ce ta sa William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB a 1877.

Awo da zane

A zana fasalin ƙasa a sikelin 1:50, wato santimita biyu a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. A auna kowane bango daga ciki a tsayi ɗaya, kamar mita ɗaya daga daɓe, sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, duka biyun. Wannan awon na gicciye shi ne mutane ke tsallakewa, su zana ɗaki mai kusurwa daidai, alhali kusan babu tsohon ginin da yake haka, kuma karkacewar kanta labari ce: ɗakin bagadin da bai hau layi ɗaya da zaure ba sau da yawa an sake gina shi ne. Ƙofofi da tagogi a auna su a jere daga kusurwa guda ba tare da ɗaga tef ba, domin idan ana aunawa guntu-guntu kuskuren santimita biyu-biyu yakan taru ya zama tafin hannu.

Kaurin bango a ƙofa da taga ake samunsa. Bangon Sakson siriri ne, yawanci tsakanin santimita 60 da 90. Na Norman yakan wuce 90. A rubuta kaurin kowane bango daban. Idan uku sun yi daidai na huɗu ya bambanta, na huɗun yana da nasa tarihin.

Cikin ɗaki

A kashe fitilu, a kwantar da hasken tocila a jikin bango ta gefe. Hasken da ya zo a kwance yana fito da abin da ido ba ya gani: zanen gicciye cikin da'ira, wanda ke nuna wuraren da bishop ya shafa mai ranar keɓewa, goma sha biyu a ciki bisa al'ada; alamomin magina; da tudun fenti a ƙarƙashin farar ƙasa. A bangon kudu na ɗakin bagadi a nemi ɗan gurbi mai kwano da ramin zurarewar ruwa, inda limami ke wanke kofin jibi. Duk inda aka ga irinsa, ko a ɗakin da yanzu ake ajiye hatsi ne, akwai bagadi a kusa a da. A waje kuma, gefen ƙofar kudu, akan sami ɗan rami da layuka suka fita daga cikinsa, agogon rana ne na sanin lokacin sujada. Idan aka same shi a bangon arewa, inda rana ba ta bugawa, an ɗauko dutsen daga wani wuri ne.

Idan fenti ya leƙo ta ƙarƙashin shafe, a ɗauki hoto a bar shi. Cocin St Mary na Kempley, a wannan gunduma ta Gloucestershire, yana da zanen bango na wajen 1130 da aka rufe da farar ƙasa bayan sauyin addini na ƙarni na 16. An buɗe shi a 1872, aka shafa masa wani man ƙyalli da niyyar kare shi, man ya yi duhu ya dusashe zanen, sai a shekarun 1950 aka samu aka cire. Farar ƙasar da ta rufe shi shekara ɗari uku ba ta yi masa illar da gyaran ya yi ba.

A ɗaga kai a duba rufi. Itacen oak ana iya gane shekarar da aka sare shi ta ƙirga zoben shekara da ke cikinsa a gwada da jadawalin yankin. Sai dai sharuɗɗa biyu ne: katakon ya kasance da zobe aƙalla hamsin, kuma ɓangaren da ke dab da ɓawo bai ɓace ba, in ba haka ba abin da za a samu shi ne «bayan shekara kaza» kawai. Kafintocin wancan zamani da ɗanyen itace suke aiki, don haka shekarar sara tana kusa da shekarar gini. Ta haka aka gano rufin Kempley na tsakanin 1120 da 1150 ne. Wannan aikin ƙwararru ne, da izini, saboda sai an huda katako.

Idan ginin ya ɓace cikin wani gini

Ɗakunan sujada da yawa ba rushewa suka yi ba, sauya musu aiki aka yi, musamman bayan dokar 1547 da ta soke wuraren yi wa matattu addu'a ta ƙwace dukiyarsu. Na Odda ya zama ɓangaren wani gidan gona mai firam ɗin katako da ake kira Abbot's Court. Zauren ya koma kicin, aka gina murhu, aka raba ɗakin bagadi hawa biyu. A 1675 aka tsinci wani dutse mai rubutun Latin a lambun da ke kusa, yana cewa Odda ya sa an gina wannan wuri don girmama Triniti Mai Tsarki da kuma ran ɗan'uwansa Aelfric, Bishop Ealdred ya keɓe shi a shekara ta goma sha huɗu ta sarautar Edward. Dutsen yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford, kwafinsa ne a Deerhurst. Shekara fiye da ɗari biyu ga rubutu babu gini, har 1885, lokacin da masu gyaran gidan suka ci karo da tsohuwar taga a bayan shafe, limamin garin George Butterworth ya haɗa wannan da wancan. An kuma sami guntun dutsen keɓe bagadin a cikin ginin bututun hayaƙi.

Haka ya faru a Bradford-on-Avon, inda limamin garin, Canon Jones, ya gane cocin St Laurence a 1856 bayan zaurensa ya zama makaranta, ɗakin bagadinsa gidan zama. Na St Peter da ke Bradwell a Essex, wanda Bishop Cedd ya kafa wajen 654, rumbu ya zama, har yau ana ganin tabon manyan ƙofofin da aka fasa don amalanke. Alamomin da za a bi ke nan: gida ko rumbun da ya miƙe gabas da yamma saɓanin maƙwabtansa, ɓangare ɗaya na dutse sauran na katako ko bulo, kusurwoyi masu kyau fiye da ƙimar rumbu, da gonar da sunanta ke ɗauke da kalmar coci ko sunan waliyyi. A filin da ke kewaye kuma a duba tudu da kwari da sassafe ko da yamma, lokacin da inuwa ta yi tsawo. A Heath ginin yana tsaye shi kaɗai a fili, amma tudun da ke gefensa gurbin gidaje da titunan ƙauyen da ya watse ne.

Sai takardu

Yanzu ne za a buɗe su, da tambayoyin da bango ya tayar. A fara da bayanin ginin a rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila, wadda ke intanet kyauta, da kundin tarihin gundumomi na Victoria County History idan ya kai ga wannan ƙauye. Daga nan a koma baya: taswirorin ushiri da aka zana bayan dokar 1836, masu ɗauke da sunan kowace gona, rajistar baftisma da aure da binnewa, wadda aka wajabta a 1538, takardun binciken wuraren addu'a na 1546 da 1548, ƙididdigar dukiyar coci ta 1535, da ta Paparoma Nicholas na Huɗu ta 1291. Wasiyyoyi suna da amfani ƙwarai, domin wanda ya bar kuɗi «don sabon rufi» ya ba ka shekarar rufin.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na ɗaya, ɗaukar ranar da aka fara ambaton gini a matsayin ranar gina shi. Takarda tana nuna yana nan a lokacin ne kawai. Na biyu, ɗaukar shirun takarda a matsayin babu. Kundin Domesday na 1086, wato ƙidayar filaye da dukiyar Ingila, don haraji aka yi shi, ya tsallake coci-coci da dama da aka tabbatar suna tsaye a lokacin. Idan takarda da bango suka saɓa, a rubuta duka biyun yadda suke. A Bradford, marubucin tarihi William na Malmesbury ya rubuta wajen 1125 cewa waliyyi Aldhelm ne ya gina coci a wurin, wato kusan shekarar 700, amma adon bangon ya fi kama da na wajen 1000, kuma yawancin masana sun karkata ga na biyun.

Abin da ke kashe ginin

Ruwa ne. A je ranar da ake ruwan sama a tsaya a ga inda yake bi. Magudanar rufi da indararo a share su sau biyu a shekara, bayan zubar ganye da kuma farkon bazarar can. Koren tabo a bango daga sama zuwa ƙasa yana nuna indararo ya toshe ko ya tsage. Ƙasar waje da ta taru ta fi daɓen ciki tsayi tana tura danshi cikin bango, amma ba a haƙe ta da gaban kai, saboda akwai kaburbura da tarihi a cikinta.

Babbar ɓarna ita ce siminti. An gina waɗannan bangaye da kwaɓin farar ƙasa da yashi, mai laushi, wanda danshi ke fita ta cikinsa. Idan aka cike tsakanin duwatsu da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita sai ta jikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutse ta ɓare ta bar simintin a tsaye. Duk wanda ya ga yadda filastar siminti ke ɓallowa daga ginin ƙasa ta tafi da rabin bangon ya san wannan ciwo. Gyaran da ya dace shi ne a ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ya mutu da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin tsagar, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa kashi ɗaya da yashi mai kaifi kashi biyu da rabi zuwa uku, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwanaki don kada ya bushe da gaggawa ya tsattsage. Ba a yin wannan idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius. Kwaɓin da ke da ƙarfinsa kuma ba a taɓa shi don kawai ya tsufa.

Tsaga a bango ba kullum take nufin rushewa ba. Da yawa sun tsaya cik tun ɗaruruwan shekaru. A manna mata ma'aunin tsaga, a riƙa karantawa wata-wata har shekara ta zagayo. Wadda ke buɗewa da rufewa da yanayi daban take da wadda ke ƙara faɗi kullum, ta biyun ce ke bukatar injiniya. A katako, ramuka masu faɗin milimita uku da sabon gari a ƙarƙashinsu suna nuna ƙwaro yana ci yanzu, kuma maganinsa na asali busar da katakon ne, tun da jiƙaƙƙen itace yake bi.

Doka tana da ƙarfi a nan. Ginin da ke cikin rajista ba a canja masa komai sai da izini a rubuce, cocin da ake sujada a ciki kuma yana da nasa tsarin izini na ikilisiya. Yawo da na'urar neman ƙarfe a filin da hukuma ta kare a matsayin wurin tarihi, ba tare da izini ba, laifi ne ƙarƙashin dokar 1979. Jemagu ma doka ta kare su da maƙwancinsu, don haka idan aka ga kashinsu a daɓe ko a kan taga, sai an kira mai lasisi ya duba kafin a taɓa rufin. Zane da hotuna da awon da aka yi, a sa musu kwanan wata da alamar arewa, a kai kwafi ofishin adana bayanan tarihi na gundumar, a bar wani wurin masu kula da ginin.